Kwana Uku A Babban Otal, Da Abin Da Ya Biyo Mu Gida

'Yan'uwa ɗalibai, wajibi ne mu ba ku labarin tafiyar da muka yi Abuja da sunanku, tun da ku kuka zaɓe mu. An gayyace mu, mu huɗu, zuwa wani taro a kan makomar ilimin jami'a, aka sauke mu a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na birnin. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin bai yi mana laifin kome ba. Hasali ma abin da ya dame mu shi ne ya kyautata mana ƙwarai.

Tun daga bakin ƙofa wani dattijo mai kayan sarki, wanda ya isa ya haife mu, ya karɓi jakunkunanmu yana ce mana "Yallaɓai". Muka ji kunya, muka rasa inda za mu sa idonmu. Lif ya kai mu hawa na bakwai. Kowa da ɗakinsa, shi kaɗai. Wanda ya saba kwana su takwas a ɗakin da aka gina domin mutum huɗu, shi ne zai gane nauyin wannan kalma, shi kaɗai. Ga gado kamar fili, ga tawul fari fat, ga famfo biyu, ɗaya na ruwan zafi ɗaya na sanyi. Ɗayanmu ya tsaya yana buɗewa yana rufewa, domin a wurinmu ruwa abu ne da ake bin layi da bokiti tun asuba kafin a gan shi. Cikin kwana ukun nan fitila ba ta ƙyafta ba ko sau ɗaya, sai dai can ƙasa kana jin gurnanin janareto kamar na zaki a keji. Da safe kuwa aka jera abinci a tebura, ƙwai iri-iri, da nama, da burodi, da 'ya'yan itatuwan da ba mu san sunansu ba, aka ce kowa ya ɗiba son ransa.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, mun ji daɗi. Mun ci, mun yi wanka sau uku a rana, mun yi barcin da rabonmu da irinsa tun muna gidan iyayenmu. Duk wanda ya ce muku ya shiga irin wannan wuri ya ji ƙyamarsa nan take, to, ku binciki maganarsa.

Abin da ya tsorata mu ya faru ne a rana ta uku. Iyakwandishan na ɗakin ɗayanmu ya ɗan yi rauni, sai muka ji shi ya ɗaga tarho yana yi wa ma'aikaci faɗa da muryar da ba mu san shi da ita ba. Wannan fa shi ne wanda a watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, ya yi karatun jarrabawa da hasken wayarsa bai yi ƙorafi ba. Kwana biyu kacal suka mai da shi wani mutum. To, ina ga wanda ya yi shekara ashirin yana fita daga wannan otal yana shiga wancan?

A nan ne muke ganin maganar ta wuce ta gado da tawul. A zauren taron an yi jawabai masu daɗin ji a kan cunkoson ɗakunan kwana da lalacewar ɗakunan gwaje-gwaje, amma ana yi ne cikin sanyi, ana kurɓar shayi, kuma ba mu ga wanda gumi ya karyo masa ba. Mutumin da bai ji warin bayan-gidan da ya toshe ba, zai rubuta shi a rahoto, amma ba zai hana shi barci ba. Mun tambayi kuɗin ɗakin da muka kwana, muka lissafa, muka tarar kwana ɗaya ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, watau in an bi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Mu huɗu, kwana uku. Kowa ya yi lissafin da kansa, sa'an nan ya tuna da ɗaliban da suka koma gida a bara domin sun kasa biyan kuɗin rajista.

Wanda ya riƙa kawo mana abinci wani saurayi ne ɗan Katsina. Da muka ce masa, "Yaya, ka daina ce mana yallaɓai, mu ƙannenka ne," sai ya yi murmushi ya ce shi ma digiri gare shi, kuma yajin aikin malamai na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya same shi yana ajin ƙarshe. Kullum daga Maraba yake tasowa, ya bi cunkoson Nyanya, ya zo ya ɗauki faranti. Ba mu raina sana'arsa ba, kuma lalle otal yana ciyar da gidaje da yawa. Babban birni yana bukatar masaukin baƙi na kirki. Wanda ya nemi kuɗinsa ta halal ya je ya huta, ba ruwanmu. Maganarmu a kan kuɗin jama'a ce, da kuma waɗanda aka aika su yi magana da bakin talaka.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma da muke wannan rubutu, a zaman ƙarshe an ba mu minti biyar mu yi magana. Mun tafi da takarda mai zafi wadda majalisar ɗalibai ta amince da ita, amma da muka miƙe, muka ga fuskar wanda ya biya mana ɗaki yana murmushi, sai muka fara da godiya, muka tsallake sakin layi biyu. Ba wanda ya ce mu tsallake. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Magabatanmu na 1978 sun fito kan titi ne domin ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abinci na yini, har aka rasa rayuka a Ikko da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Mu kuwa abincin safe ya isa ya sassauta mana murya.

Ku kuma yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati a mataki na takwas, wannan ƙofa tana jiran ku. Za a tura ku bita, a ba ku alawus, a sauke ku a hawa na bakwai, ku fara ƙirga shekara da yawan tarurruka.

Saboda haka za mu gabatar da ƙuduri biyu a zaman majalisa mai zuwa. Na farko, kada a sake kashe ko kwabo na kuɗin ƙungiya a irin wannan masauki, kuma wakilin da wani ya biya masa ya bayyana wa majalisa wanda ya biya da nawa ya biya. Na biyu, duk taron da za a yi a kan ilimi, mu nemi a kawo shi cikin jami'a, baƙi su kwana a masaukin baƙinmu, a zaga da su ɗakunan kwana kafin a buɗe taro. Sakin layi biyun da muka tsallake kuwa, mun manna su a allon sanarwa na ofishin ƙungiya domin kowa ya karanta.