Ra'ayinmu: Algus a Rubutu da Sahun Farko na Google

A wannan wata muna son jan hankalin 'yan'uwa masu rubutu a intanet game da wata cuta da ta kama da yawa daga cikinsu, wato kwaɗayin a ga rubutunsu a sahun farko na Google, ko da kuwa abin da suka rubuta ƙaiƙayi ne.

Wajibi ne mu fara fahimtar asalin lamarin. Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka, sun kafa Google a 1998 bisa wata ƙa'ida mai suna PageRank. Ma'anarta ita ce, duk shafin da ya yi nuni zuwa wani shafi, to ya ba da shaida a kansa ke nan, kuma shaidar amintacce ta fi ta wanda ba a san halinsa ba nauyi. Wanda ya taɓa zama a majalisar alƙali ba zai ji wannan baƙon abu ba. Sai dai duk inda ake karɓar shaida, ba a rasa masu shaidar zur. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda aka cusa dubban nuni zuwa ga kantin J.C. Penney a shafukan da ba su da wata alaƙa da kayansa. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, amma duk da haka Google ya jefa shi can baya.

A wannan shekarar ce kuma aka fito da tsarin Panda domin danne rubutun da ba shi da tsoka, sannan Penguin a 2012 domin masu sayen shaida. A watan Maris na 2024 Google ya bayyana cewa tara rubutu barkatai don neman matsayi kawai laifi ne a ƙa'idarsa, mutum ne ya rubuta ko na'ura.

To, wa ake cuta? Ku dubi manomin da tsutsa ta faɗa wa masara, ya ɗauki waya ya rubuta tambayarsa da Hausa. Idan abin da ya fara cin karo da shi rubutu ne da aka kwaso daga Turanci, na'ura ta juya shi, marubucin kuwa bai taɓa leƙa gona ba, haƙiƙa an ci amanarsa, domin zai kashe kuɗin magani bisa maganar da ba ta da madogara. Rubutun Hausa bai yawaita a intanet ba, saboda haka kuskure ɗaya yakan daɗe a sahun gaba ba mai ture shi.

Don haka muke kira ga marubuci da ya tsaya kan abin da ya sani, ya amsa tambayar tun a layukan farko kafin ya shiga sharhi, ya faɗi inda ya samo maganarsa, ya sa sunansa da kwanan wata. Kanun rubutu ya zo da kalmomin da mutane ke tambaya da su, ba sai an maimaita su sau goma ba, abin da ma ba ya ƙara komai sai gundura. Ya kuma rage manyan hotuna masu cinye data, domin yadda shafi yake buɗewa a waya shi Google yake dubawa wajen jera shi.