Iskar Da Wuta Ke Bari A Baya

Idan uwargida a Kafanchan ta matsa lemon tsami a kan kanwa, nan da nan sai ta ga kumfa ya taso yana shuu. Wannan kumfa iska ce wadda masana kimiyya suke kira kabon dayoksaid. Ita ce mutum yake fitarwa in ya yi numfashi, ita ce kuma take fita daga murhun gawayi da tukunyar gas da injin janareta.

Mafarin zancen shi ne wani dangi na makamashi da ake kira alkan. Kowane ɗan wannan dangi kabon ne da haidirojin kaɗai. Ƙaraminsu mitan, mai kabon ɗaya da haidirojin 4, shi ne yake tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu da ramin masai. Sai itan mai kabon 2, da furofan mai 3, da butan mai 4. Ƙa'idar lissafinsu guda ce: a ninka yawan kabon sau biyu, a ƙara 2, an sami yawan haidirojin. Furofan da butan su ne gas ɗin girki, kananzir da fetur kuwa akasarinsu yayyensu ne masu dogon jerin kabon. In ɗayansu ya ƙone da isasshiyar iska, abin da yake bari ruwa ne da kabon dayoksaid.

To, ita wannan iska in ta narke cikin ruwa sai ta zama asid mai rauni. Shi ya sa ko tsabtataccen ruwan sama yake da ɗan tsami, kimanin 5.6 a ma'aunin da 7 ne tsaka-tsakinsa. Da wannan ɗan tsami ne damina take cin duwatsun Kagoro sannu a hankali. Kishiyar asid kuwa ita ce alkali, ba dai na kotu ba. In alkali ya kama wannan iska sai su zama gishiri, kanwa kuma irin wannan gishiri ce. Watau lemon tsami, da yake ya fi ƙarfi, kore ta yake yi daga maɓoyarta.

Amma fa ba ta da launi, kuma ta fi iskar da ake shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, saboda haka kwari take nema ta kwanta. A daren 21 ga Agusta, 1986, ta ɓalle daga Tafkin Nyos a Kamaru, ta gangara ƙauyuka, ta hallaka mutum fiye da 1,700. Tsohuwar rijiya ma takan tara ta. Wajibi ne mai yasar rijiya a Zonkwa ko Kwoi ya fara zura fitila da igiya. In ta mutu, kada ya sauka sai an kaɗa iska a ciki, kuma kada ya shiga ba igiya a ƙugu. Ramin masai kuwa ba a kai masa wuta ko kaɗan, don mitan yana kamawa.

Haɗari na biyu na hunturu ne. In aka rufe ɗaki da kaskon gawayi ko janareta, iska takan gaza, sai a sami kabon monoksaid, dafin da ba shi da wari, wanda yake hana jini ɗaukar oksijin. Farkonsa ciwon kai da jiri, ƙarshensa barcin da ba tashi. Haka kuma harshen wutar gas in ya bar shuɗi ya koma rawaya, alama ce iska ba ta isarsa.

Saboda haka a fitar da kasko kafin a kwanta, a ajiye janareta a fili nesa da taga. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye.