A Buɗe Mana Takardar Albashi, Har Da Alawus

A al'adarmu, tambayar mutum nawa yake ɗauka a wata kusan rashin kunya ce. Idan ɗan kasuwa ne ba mu da ta cewa, guminsa ne. Amma wanda ake biya daga baitulmali fa? Kuɗin jama'a ne, har da harajin da ake cira duk lokacin da muka sayi data.

Da yawanmu ɗalibai ba mu san doka ta riga ta raba gardama ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su wallafa sunayen ma'aikatansu da muƙamansu da albashinsu da ranar da aka ɗauke su aiki, ba sai an tambaya ba. Wanda kuma ya rubuta neman bayani, kwana 7 aka ba hukumar ta amsa masa.

To amma ko an wallafa albashin, ba a nan gizo ke saƙar ba. A watan Agustan 2024 hukumar RMAFC, wadda ke tsara albashin masu muƙaman siyasa, ta ce sanata na karɓar naira miliyan ɗaya da 'yan kai a wata. Ba a jima ba Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa BBC Hausa cewa miliyan 21 ke shigo masa duk wata na gudanar da ofis. Kafin shi, a 2018, Shehu Sani ya ambaci miliyan 13.5. Hukumar ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta tsara shi ta faɗa. Sauran kuɗin ta wata ƙofa suke shiga, kuma ba don mutum biyun nan sun buɗe baki ba, da har yau jita-jita muke ci. Ku raba miliyan 21 da naira 70,000, mafi ƙarancin albashi: ma'aikata 300 ke nan. Wataƙila hidimar ofishin ta kai haka, to a nuna mana rasit.

Akwai masu tsoro, kuma ba mu raina tsoronsu ba. Malamin firamare ko masinjan ofis da aka liƙa sunansa da kuɗinsa a bainar jama'a ya shiga uku da 'yan bani-bani, ga masu garkuwa da mutane a gefe. Duk da dokar ta ce kowa da kowa, mu a ganinmu ƙananan ma'aikata ya isa a fitar da matakin albashi da yawan waɗanda ke kansa a kowace ma'aikata, su kuma masu binciken kuɗi su riƙe sunayen don farautar ma'aikatan bogi. Daga darakta zuwa sama, da duk wanda muka zaɓa da ƙuri'a, a rubuta suna, a rubuta albashi, a jera alawus ɗaya bayan ɗaya: na gida, na mota, na tafiye-tafiye, na gudanar da ofis.