Shiga Ba Ita Ce Sauka Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, kun sani ba a yi wa yaro walima ran da aka rubuta masa allon fari, sai ran da ya sauke. To don me a karatun boko muke ƙirga masu shiga, mu mance da masu kammalawa?

Ni ban yi boko ba, amma an karanta mini ƙidayar da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da UNICEF a 2021. Cikin ɗari, 73 suka gama firamare, 54 kaɗai suka gama babbar sakandare. 'Ya'yan mawadata wajen tara cikin goma, 'ya'yan matalauta kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Lalle wannan abin kunya ne ga mu mutanen Zazzau, masu Alhudahuda da asalinta tun 1910, da Barewa da ta dawo Zariya a 1949. Yaronmu na Dutsen Abba yakan fara lafiya, sai damina ta ja shi gona, ko kuɗin jarrabawa ya tsai da shi. Yarinya kuwa talla ko aure.

Shehu Usmanu ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Saboda haka kowane limami ya rubuta yaran unguwarsa da suka yanke. Mawadata su biya musu kuɗin jarrabawa sadaka. Waliyyi ya sharɗanta wa ango a bar yarinya ta kammala. Wanda ya shuka bai girbe ba, tsuntsaye ya yi wa noma.

Allah ya sa mu gane, amin. Wassalam.