Wa Ya Ce Tarihi Ya Tsaya a Ƙofar Kabuga?

Duk sa'ad da aka tashi maganar kuɗin gyaran kayan tarihi a jihar nan tamu, sunaye uku ko huɗu ne ake ta juyawa kamar waina a tanda: Badala, Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa, marinar Ƙofar Mata. Daga nan sai a shafa fatiha a watse. Wai shin jama'a, wanda ya fita ta Kabuga ya miƙe titin Gwarzo, ya wuce Rimin Gado ya ratsa ƙasar Kabo har ya dangana da Getso, daji ya shiga ko kuwa ƙasar da ba a taɓa yin mutane ba?

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ba ni da jayayya da darajar ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu (1095–1134) ya ɗora harsashinta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake kashe kuɗin, da inda ake kai su, da kuma hannun da ake danƙa wa.

Mu fara da birnin ma da ake fifitawa. A 2007 an shigar da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Shekara uku kacal bayan haka, a 2010, aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Yau yawancin ƙofofin da muke wucewa ta ƙarƙashinsu siminti ne da rodi aka shafa wa jan fenti don su yi kama da ƙasa. A 2023 kuma gwamnati ta ba da sanarwar cewa da ɓaraguzan gine-ginen da ta rusa za a gyara Badala. Don Allah wane magini ne ya ba da wannan shawara? Ganuwar da aka ɗora da tubalin ƙasa, a cike ta da fasassun bulo da tayil, sannan a ce an raya ta? Har yanzu dai wurare biyu ne tak Nijeriya ke da su a babban jerin UNESCO, Sukur ta Adamawa (1999) da kurmin Osun na Oshogbo (2005). Kano na nan a bakin ƙofa tana jiran layi, kuma mu muka zaunar da ita.

To idan haka ake yi wa ɗan lele, me ake tsammani ga ɗan bora? Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1979, ita ke da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, kuma ginin da bai shiga littafinta ba da wuya kasafin tarayya ya san da zamansa. A jihar Kano, in ka cire tsohon masallacin Haɓe na Bebeji, kusan komai na cikin birni ne. Ba za ka ga sunan Gwarzo ko Kabo ba. Alhali kuwa garuruwan yamma su ne suka zame wa birni garkuwa a ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari ta wannan ɓangare. Ganuwarsu ba ado ba ce. A bayanta mata da yara da dabbobi ke fakewa.

A garinmu, can ƙasar Kabo, na tashi na tarar da ragowar ganuwa da muke hawa muna yara, da wani soro mai daurin guga da kakanninmu ke zaman shari'a a ciki. Ganuwar ta tafi a amalanke, kaɗan-kaɗan, masu buga bulo suna haƙa, kowa na gani kowa ya yi shiru, har da ni mai wannan rubutu. Soron kuwa damina biyu aka tsallake ba a yi masa yaɓe ba, ruwa ya sami azara, ya zauna. Da muka kai kuka wani ofis, sai aka ce mu rubuto takardar neman tallafi da Turanci, mu haɗo da kiyasin injiniya da rajistar kamfani. Dattijon maginin da ya san yadda ake karya bakan gizo bai da ko ɗaya daga cikin ukun.

Nan ne gizo ke saƙar. Tsarin tallafin an yi shi ne don ɗan kwangila. Shi kuwa ɗan kwangila ribarsa tana cikin buhun siminti, ba a kwandon makuba ba. Siminti a jikin ginin ƙasa cuta ne: yana kulle danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, ran da zai faɗi ya faɗi gaba ɗaya. Ginin ƙasa ba ya son miliyoyin da za a zubo sau ɗaya a yanka kintinkiri a ɗauki hoto. Abin da yake so kaɗan ne amma kullum: yaɓe kafin saukar damina, gyaran indararo, laso a rufi, canjin azarar da gara ta ci. Mutanen Jenne a Mali kowace shekara suke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu. A Yama ta ƙasar Tawa, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mu da muka haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, mai ginin masallacin Juma'a na Zariya, mu ne yau muke jin kunyar tubali.

Na san za a ce mini mutane na fama da yunwa, asibiti ba magani, kai kana maganar tsohon bango. Na ji. Amma kuɗin nan ai ana fitar da su, ba a fasa ba. Tambayar ita ce aljihun wa suke shiga. Wanda aka ba maginin Kutama ko na Garo, a kasuwar garin zai ƙare, wajen mai jaki da mai ɗebo ruwa da mai tuwo, kuma yaro biyu ko uku za su koyi sana'ar da ke shirin bin tsofaffi kabari.

Saboda haka ina kira ga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, su zauna da hakimai da dagatai da sarakunan magina, a bi gari-gari a rubuta abin da ya rage: kufan ganuwa, tsofaffin masallatai, zaurukan dagatai, rijiyoyi, karofi. A ware wani abu duk shekara, a biya magina kai tsaye, a kafe lissafin a ƙofar fada kowa ya karanta. Mu kuma marubuta da muka cika littattafanmu da gidajen bene na Nasarawa, wa ya hana mu ɗaukar biro da kyamara mu je Godiya mu zauna da tsofaffi kafin ruwan bana ya sauka?