Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Binciken Sana'o'in Mata a Dutse da Kewaye



Ku da ke Jami'ar Tarayya ta Dutse da sauran makarantunmu, binciken ƙananan sana'o'in mata ya zama abin yayi a duniya, kuma ku ne kusa da matan. Shawarata ita ce kada takardar tambayoyinku ta tsaya a bakin kasuwa.

Duk wanda ya ƙirga masu rumfa a kasuwar Shuwarin ya tafi, ya bar yawancin mata a baya. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai daddawa, mai awara, duk suna cikin gida, yarinya ce ke fita da talla. Tun a 1969 mai bincike Polly Hill ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki, bayan zaman da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina. To, ku tafi da mata masu bincike, don namiji iyakarsa zaure.

In kun shiga, ku bi sawun kuɗin. Wani bincike na 2008 a Siri Lanka ya ga tallafin jari ya ƙara wa maza riba, bai ƙara wa mata ba. Sai a 2019 wasu masana suka sake duba alƙaluman, suka gano cewa sau da yawa kuɗin matar sana'ar mijinta yake shiga. A Gana kuwa, kayan sana'a sun fi tsabar kuɗi amfanar mata, musamman waɗanda cinikinsu ya riga ya kankama. Da wannan ido ya kamata ku waiwayi awakin da gwamnatin tsohon gwamna Badaru ta raba wa zawarawa: nawa suka hayayyafa, nawa aka sayar, kuma don wace lalura?

Kada ku ce wa mace, “Nawa kike samu a wata?” Ku tambaye ta kwano nawa na gyaɗa ta auna, kwalba nawa ta matse, nawa take zubi wajen uwar adashe, me ta tanada na kayan ɗakin 'yarta. A nan ribarta take.

In kun kammala, ku mayar musu da sakamakon da Hausa, a Islamiyya ko ta rediyo. Sun ba ku lokacinsu, haƙƙinsu ne su ji abin da kuka gano.

Allah ya yi jagora. Wassalam.