Jiragen faiba: Kada a sayar da kare a sayi biri

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a ƙasar nan, maganar da ake yi ɗaya ce: a kawar da kwale-kwalen katako, a kawo na faiba. An yi ta bayan hatsarin Warrah a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda jirgin ya ɗauko mutane sama da 150. An sake yin ta bayan na Bagwai a Jihar Kano a watan Nuwamban shekarar, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya, da na Patigi a Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, shi ma ya yi kira ga jihohi su koma amfani da jiragen faiba da na alminiyam, kuma hukumar HYPPADEC ta raba irin waɗannan jirage a jihohin da ke gaɓar Kogin Neja.

Muna goyon bayan wannan sauyi. Amma akwai abin da ba a faɗa wa jama'a: yawancin jiragen faiba akwai katako a cikinsu, kuma yana nan ne a wurin da ya fi ko'ina ɗaukar nauyi, wato bangon baya inda ake rataye inji.

Faiba zare ne na gilashi da ake jiƙawa da ruwan danko ya daskare. Yana da ƙarfi, ruwa ba ya cin sa, amma idan ba shi da kauri yana lanƙwasa. Shi ya sa tun da waɗannan jirage suka yaɗu a Amurka a shekarun 1950, maƙera ke sanya wani abu mai tauri tsakanin fatar waje da ta ciki ta bangon baya. Galibi filawud ne, katakon nan mai fale-fale da aka manne, sau da yawa allo biyu a haɗe, kaurinsu ya kai inci ɗaya da rabi. Injin da ake rataye masa kuwa ba wasa ba ne: mai ƙarfin doki 40 kan kai kilo 70, mai doki 75 ya haura kilo 100. Ga nauyi, ga girgiza, ga turin farfela, duk a kan wannan bango suke sauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne ramukan kusoshi. Kowane rami da aka huda don ɗaura inji ko ramin zubar da ruwa, idan ba a toshe gefensa da kyau ba, ƙofa ce ga ruwa. Da ya shiga, fatar faiba ta hana shi bushewa, katakon ya yi ta ruɓa shekara da shekaru ba wanda ya gani. Daga waje jirgi na sheƙi, ciki kuwa ya zama dusa. Kyan ɗan maciji ke nan. Ruɓaɓɓen kwale-kwalen katako ko yaro ya gan shi ya san ya ruɓe. Na faiba sai an bincika. Ranar da bangon ya tsage a tsakiyar kogi, inji zai tafi, ruwa ya shigo ta baya.

Binciken kuwa ba ya buƙatar injiniya daga waje. Mataki na farko ido ne: a duba tsagewa a kusurwoyin bangon, da wasa da ta nutse cikin faiba, da ruwa mai launin shayi da ke tsatsowa daga ramin kusa. Na biyu, a ɗaga ƙafar injin a danna ta da ƙarfi. Idan bangon ya motsa tare da ita, akwai matsala. Na uku, a bi shi da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji ta dushe kamar an bugi ƙwarya a cikin ruwa.

Abin da ke raba gardama shi ne a huda ƙaramin rami daga ciki, ƙasa-ƙasa inda ruwa ke taruwa, ba tare da an fasa fatar waje ba, a duba abin da bakin na'urar ya fito da shi. Busasshen garin katako mai haske alama ce ta filawud mai rai. Baƙi ko ruwan ƙasa, mai danshi da wari, ya ruɓe. Idan gari ne mai laushi marar ƙwayar itace, to soso ne mai tauri aka sa. Idan toka-toka ne gauraye da zaren gilashi, allon zamani ne irin na Coosa, wanda ba ya ruɓa. Wasu masu gyara kuma kan kwarara wani haɗin danko cikin bangon ya daskare kamar dutse. Bayan an gama sai a cike ramin da ifoksi.

Sanin wannan shi ke nuna irin gyaran da za a yi. Ruɓaɓɓen filawud sai an yanke fatar ciki, a kankare shi gaba ɗaya, a bar wurin ya bushe, sannan a sa sabo irin na ruwa, wanda aka manne da gam ɗin da ruwa ba ya kwancewa. Filawud ɗin da kafinta ke yin kabad da shi ba zai yi wannan aiki ba. Soso da allon zamani ba sa ruɓa, amma suna iya rabuwa da fatar faiba ko su murƙushe a ƙarƙashin kusoshi. Abin da ya fi haɗari shi ne gyaran ganin ido: a ɗaura farantin ƙarfe kan ruɓaɓɓen bango, a shafa fenti, a mayar da jirgi ruwa.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, da ta sanya duba bangon baya cikin sharuɗɗan ba jirgin fasinja lasisi, a riƙa yi kowace shekara kafin damina. Gwamnatocin da ke sayen jirage su tilasta wa 'yan kwangila su rubuta abin da ke cikin bangon da iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka. Tsofaffin jiragen da ake shigowa da su daga waje sun fi buƙatar wannan bincike, domin akasarinsu filawud ne ya shekara ashirin ko talatin a ciki. A kuma horar da masu sassaƙa kwale-kwale na Yauri, Patigi, Lokoja da Baga kan aikin faiba. Su ne suka san itace da ruwa, kuma ta haka ba za a raba su da sana'arsu ba. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa su ma suna da ikon hana jirgi tashi daga tasharsu.

Faiba ba zai magance lodin da ya wuce kima ba, ko tafiyar dare, ko rashin rigar ruwa. Waɗannan suna nan suna jiran hukunci. Amma tun da an ce wa talaka sabon jirgi zai kai shi gida lafiya, wajibi ne wani ya ɗauki guduma ya tabbatar da abin da ke riƙe da injin.